An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Labarin Motar Hedimasta a Assakio

Jama'a, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu na wannan kwaleji, ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da na gani da idona sa'ad da aka tura ni aikin koyarwa na gwaji a Assakio, cikin ƙasar Lafiya, daga watan Satumba zuwa Disamba na 2024. Na san wani zai ce, "Me ya haɗa malamin makaranta da injin mota? Ai alli da allo su ne kayan aikinmu." To, ka yi haƙuri ka karanta tukuna, in ka kai ƙarshe sa'an nan ka yanke mini hukunci.

Assakio gari ne na manoma, yana kan hanyar da ta tashi daga garin Lafiya ta nufi Shendam. Doya ce babbar dukiyarsu, ga kuma shinkafa da rogo da riɗi. Alago ne masu gari, amma akwai Eggon da Tibi da Hausawa da Fulani da sauransu. In an haɗu a kasuwa ko tasha ko gareji, da Hausa a ke ciniki, da ita a ke faɗa, da ita kuma a ke shiryawa. Ku riƙe wannan magana ta Hausa, gama zan komo kanta.

Hedimastan makarantar da aka kai ni dattijo ne mai kirki, yana da wata tsohuwar mota 'yar Kwatano, mai shan fetur, mai silinda huɗu. Duk cikin malamai ba mai mota sai shi. Saboda haka ita ce motar ɗauko takardun jarrabawa, ita ce motar kai amarya, ita ce kuma motar asibiti in ciwo ya tashi da dare. Tun makon da na iso na tarar da ita ba lafiya. In an tayar da ita da safe sai ta yi ta karkarwa kamar mai zazzaɓin cizon sauro, sitiyari na rawa a hannu, allurar da ke nuna juyin inji tana hawa tana sauka. Da an taka totur an hau hanya sai ta sake, ta yi gudu lafiya lau kamar ba ita ba. Amma da an rage gudu, ko don rami ko don shingen 'yan sanda, sai ta soma shaƙewa, wani lokaci ma ta mutu ɗungum. Direbobi su kan ce irin wannan mota ba ta da silo, watau ba ta iya riƙe kanta sa'ad da ta ke tsaye inji na aiki. Ga kuma wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a gaban direba ta ƙi mutuwa.

Bakaniken farko wani saurayi ne a bakin tasha. Ya saurara, ya ce fulogi ne. Aka sayi huɗu sababbi, ba ta daina ba. Ya ce to, man 'yan bumburutu ne aka sha, ruwa ya shiga tanki. Aka sauke tanki aka wanke, aka zubar da man da ke ciki, aka wanke nozul. Ba ta daina ba. Ba na ganin wautarsa ƙwarai a nan, domin kowa ya tuna abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022, sa'ad da aka shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam wanda sinadarin metanol ya yi wa yawa, har aka janye shi daga gidajen mai, layi ya cika ƙasa. Tun daga ran nan kowace mota ta yi tari sai a ce mai ne. Sai dai fetur ɗin da aka zubar ba na banza ba ne. Tun da aka janye tallafi ran 29 ga Mayu, 2023, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, kuma malamin firamare ya san zafin kowace lita.

Da abin ya ƙi, sai aka ba Hedimasta shawara ya kai ta garin Lafiya a sa mata kwamfuta. Na raka shi. Mai kwamfutar ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, ya soka wata waya, ya duba allon na'urarsa ɗan lokaci kaɗan, ya ɗago kai ya ce, "Oga, kwamfuta ta ce sansar salansa ta mutu." Hedimasta ya ce, "To, Malam, tun da kwamfuta ce ta faɗa, ai ba musu." Ni kuwa da na ke tsaye a bayansa na leƙa, na ga lambobi biyu, P0171 da P0300, na rubuta su a bayan littafin shirya darasi, ba domin na san ma'anarsu ba, sai domin halin makarantar mishan da na yi, inda wani tsohon malaminmu ya kan hore mu mu rubuta abu tukuna, sa'an nan mu tambayi ma'anarsa. Aka sayi sansa, aka ɗaura, mutumin ya danna wani wuri, fitila ta mutu. Aka biya kuɗin sansa, aka biya kuɗin kwamfuta, aka biya kuɗin hannu. In an haɗa da fulogi da wankin tanki, kusan rabin albashin dattijon nan ya tafi. Muka komo gida yana murna, ko da ya ke ni na ji kujera tana karkarwa a ƙarƙashina duk inda muka tsaya. Ran kwana na uku fitila ta sake kamawa.

A makon nan ne ciwo ya kama wata yarinya 'yar aji huɗu da dare, jikinta ya yi zafi har ta soma shiɗewa. Uwarta ta zo tana buga ƙofar Hedimasta. Muka ɗauke ta sai garin Lafiya. Sau uku motar nan ta mutu a hanya, duk a wurin da aka rage gudu, kuma a na uku sai da na fita na tura cikin duhu, uwar tana rungume da 'yarta tana kiran sunanta. Allah ya sa muka isa, yarinyar ta warke, ta komo aji bayan mako guda. Amma tun daga daren nan na daina ganin rawar inji abin dariya ne, na ƙudura sai na san abin da lambobin nan biyu ke nufi.

Ga abin da na koya, kuma ina so kowane ɗalibi ya sani. Motar zamani ba ta da kafireta irin ta dā. Tana da ƙwaƙwalwa, wadda kanikawa ke kira biren bokis, ita ce ke auna iskar da inji ya zuƙa ta kuma ba shi mai daidai gwargwado. Dokar hana gurɓata iska ce ta kawo fitilar nan mai ruwan ɗorawa, ba tausayin kanikawa ba. Jihar Kalifoniya ta Amurka ce ta fara matsa wa masu ƙera motoci, sa'an nan daga 1996 aka tilasta kowace ƙaramar mota da za a sayar a Amurka ta bi tsari guda da a ke kira OBD-II. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi sawu a 2001 ga motocin fetur. To, tun da galibin motocinmu daga can su ke fitowa bayan sun tsufa, kusan kowace 'yar Kwatano tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda a ke soka na'ura a tambayi ƙwaƙwalwa abin da ta gani.

Amsar da ta ke bayarwa harafi ɗaya ne da lambobi huɗu. In harafin P ne, maganar inji ce ko giya. B na jikin mota ne, C na birki da ƙafafu da sitiyari, U kuwa na wayoyin da ƙwaƙwalen mota ke magana da juna ta cikinsu. In sifili ya bi harafin, ma'anar ɗaya ce a kowace irin mota. In 1 ne, ma'anar ta kamfanin da ya ƙera ce, sai an duba littafinsa. P0300 cewa ta ke yi silinda suna kasa kama wuta, yau wannan gobe waccan, ba a tsayar da guda ba. Da P0302 ce, da an san ta biyu ce mai laifi, sai a musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta a gani ko laifin zai bi kwayil ya koma can. P0171 kuwa cewa ta ke yi iska ta yi wa mai yawa a cakuɗen da ke shiga inji. Ku duba da kyau, jama'a. Babu inda lambar nan ta ce sansa ta mutu. Sansar ita ce ma ta kawo rahoton. Aikinta shi ne shinshinar hayaƙi a salansa, ta gaya wa ƙwaƙwalwa ko iskar oksijin ta ragu da yawa bayan ƙonewa. Ta faɗi gaskiya, aka kama ta aka cire. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Fetur yana ƙonewa sosai in an haɗa nauyin iska 14.7 da nauyin mai 1. Abubuwa da yawa na iya ɓata wannan awo har iska ta rinjaya. Famfon mai na iya gajiya, matatar mai na iya toshewa, nozul na iya cushewa. Ma'aunin iska da ke bayan matatar iska na iya yin ƙura ya riƙa ƙirga ƙasa da abin da ya wuce, kuma wanda ya ga ƙurar hanyoyinmu da rani ba zai yi mamakin wannan ba. Ko kuwa iska ta sami wata ɓaraka ta shiga ta bayan gida, ba ta bi ta kan ma'auni ba. Ita ma sansar ta kan lalace, ban ce ba ta lalacewa ba, amma ita ce ta ƙarshe da ya kamata a tuhuma, ba ta fari ba. Lamba ɗaya, masu laifi biyar ko shida. Aikin bakanike shi ne ya rarrabe su, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Ina da aboki a sashen koyar da fasaha na kwalejin nan, wanda aka tura wata makaranta a garin Lafiya. Yana da wata 'yar na'ura, ba ta kai akwatin ashana biyu ba, wadda a ke sokawa a kafar nan ta yi magana da wayar hannu. Na roƙe shi ya zo ran Asabar. Na kuma je wurin wani tsohon bakanike a garin, wanda kowa ke kira Baba. Ya koyi aiki zamanin Peugeot 504, wadda aka riƙa haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, kuma an ce a dā ko daga nesa ya ji ƙarar inji ya kan faɗi ciwonsa. Da na gaya masa sai ya kaɗa kai ya ce, "Ɗana, motar kwamfuta ba tawa ba ce. Ku kai wa yaran zamani." Na ce, "Baba, yaran zamani sun gani, kunnenka mu ke so." Da ƙyar ya yarda ya zo.

Abokina ya soka na'ura. Kafin ya taɓa kome sai ya nuna mana wani abu da ban san da shi ba. Ashe duk sa'ad da ƙwaƙwalwa ta rubuta laifi ta kan ajiye bayanin halin da inji ke ciki a daidai lokacin: zafin ruwa, juyin inji, da gudun mota. Namu ya nuna mota a tsaye ta ke, inji ya yi zafi, yana juyi wajen 700 a minti. Watau a silo laifin ke faruwa, ba a guje ba. Wannan bayani shi ne mutumin Lafiya ya share sa'ad da ya kashe fitila, ko kallonsa bai yi ba. Fitilar kuwa ba ta komo nan take ba domin galibin laifuffuka sai ƙwaƙwalwa ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna ta. Kwana biyun nan na shiru su ne ke sa mai mota ya ɗauka an gyara, ya kuma ɗauka wani sabon ciwo ne in ta sake kamawa.

Sa'an nan ya buɗe wani shafi mai nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa a kan ƙa'ida domin ta cike giɓi. A lafiyayyar mota ƙarin nan ko ragin ba ya cika wuce kashi 10 cikin 100. Tamu a silo tana ƙara fiye da kashi 20. Ya ce da Hedimasta, "Ranka ya daɗe, a taka totur a riƙe allura a 2,500." Da aka taka sai muka ga lambar tana gangarowa har ta komo wajen 5. Aka saki totur, ta sake hayewa. Abokina ya ce, "Iska ce ke shiga ta ɓoye. Da famfo ne ya gaji, ko ma'aunin iska ya yi ƙura, da abin ƙaruwa zai yi in an taka, gama a lokacin ne inji ya fi bukatar mai."

Ga masu koyar da lissafi, wannan darasin kaso ne mai daɗi, kuma na riga na gwada shi a aji shida. A ce inji a silo yana zuƙar giram 2 na iska a daƙiƙa, ɓaraka kuma tana shigo da rabin giram. Ɓarauniyar iska ta zama rubu'in wadda aka ƙirga ke nan, dole inji ya shaƙe. In an taka totur iska ta koma giram 8, rabin giram ɗin nan ya zama ɗaya cikin 16 kurum, inji ba zai ko kula ba. Ga kuma ƙari: a silo ƙofar iska a rufe ta ke kusan duka, fistin suna zuƙa da ƙarfi ba su samu, saboda haka kowace 'yar tsaga sai ta zama ƙofa. Shi ya sa motar ke gudu lafiya a hanya, ta mutu a bakin rami. Yaran da ba su taɓa gane rubu'i ba sun gane shi ran nan, domin kowannensu ya taɓa tura motar Hedimasta.

To, na'ura ta ce iska na shiga, amma ba ta san ta ina ba, kuma ba za ta taɓa sani ba. Sai Baba ya miƙe, ya ce a ba shi guntun tiyo. Ya kafa baki ɗaya a kunnensa, ya riƙa bin jikin inji da ɗayan sannu a hankali, kamar likita da abin sauraron ƙirji. Bai yi minti biyar ba ya tsaya. Ya sa hannu ya lanƙwasa wani ɗan tiyon roba da ya fito daga murfin inji ya shiga manifol, sai ga tsaga a ƙarƙashinsa, tsawon farce, inda ido ba ya kai wa. Zafi da tsufa sun busar da robar. Ya danne wurin da babban yatsa, nan take inji ya natsu, sitiyari ya daina rawa, lambar da ke allon waya ta soma sauka muna kallo. Baba ya dubi wayar, ya ɗaga yatsa, ya mayar, ya sake ɗagawa, yana kallon lamba tana hawa tana sauka, sai ya yi dariya ya ce, "Ashe abin nan yana jin abin da na ke ji." Kuɗin sabon tiyo bai kai na kwanon abinci biyu a tasha ba. Tsohuwar sansar kuwa tana nan cikin aljihun teburin Hedimasta, lafiyarta lau.

Yanzu ga ra'ayina, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Ban yarda da masu cewa kanikawanmu ɓarayi ne ba. Saurayin tasha bai cuci kowa da gangan ba, abin da ya gani wurin maigidansa ya yi, watau a canza wannan, in bai yi ba a canza wancan, mai mota na biya. Wanda na fi ganin laifinsa shi ne mai kwamfuta, domin shi yana da abin da zai nuna masa gaskiya a hannunsa, ya karanta layi ɗaya ya rufe. Mutanenmu kuwa suna jin tsoron kalmar kwamfuta kamar yadda su ke jin tsoron takardar kotu. Dattijon da zai yi awa guda yana cinikin tulin doya, in an ce masa kwamfuta ta faɗa sai ya sa hannu a aljihu ba tambaya. Mai riƙe da irin wannan iko a kan mutane, wajibi ne ya iya karatunsa har ƙarshe, in kuwa bai iya ba ya faɗa.

Mu malamai ma kada mu yi saurin nuna yatsa. A ajina akwai yaron da ya ci sifili sau biyu a lissafin zube. Na rubuta a littafina cewa bai iya lissafi ba, na yi ta ba shi ƙarin aiki. Ran da na karanta masa tambayar da Hausa, kafin in rufe baki ya ba ni amsa. Turancin ne bai iya karantawa ba. Makin jarrabawa ya gaya mini akwai ciwo, ni kuwa na ɗauka ya gaya mini sunan ciwon. Mako uku na yi ina canza wa yaron nan fulogi.

Akwai waɗansu kuma da suka fi mai kwamfuta ɓarna, su ne masu kashe fitilar ɗungum. Wani ya cire ƙwanta, wani ya manna mata baƙin tef ta ciki, musamman in za a sayar da mota. Duk wanda zai sayi mota, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba. Dole fitilar nan ta kama tare da sauran, ta kuma mutu bayan inji ya tashi. In ba ta kama ba sam, an rufe mata baki, sai a yi hattara. In kuwa kana tafiya ka ga tana ƙyaftawa, ba tsayawa ta yi cak ba, to, silinda na zubar da ɗanyen mai cikin salansa, kuma zai ƙone matatar hayaƙin nan da kanikawa ke kira indomi saboda cikinta ya yi kama da taliya. Ka rage gudu ka nemi wurin tsayawa. Matatar nan tana da ƙarafa masu tsada a ciki, shi ya sa a ke yawan ba masu mota shawara su cire ta wai tana toshe inji, ana cirewa kuwa sai ga P0420 ta fito, ta zauna har abada. Mai mota ya saba da ganin fitila a kunne, ran da babban ciwo ya zo ba abin da zai faɗakar da shi.

Abin da na ke roƙon hukumar kwalejin nan ba mai yawa ba ne. Tun 1982 da aka fara tsarin 6-3-3-4 aka sa darasin fasaha a ƙananan makarantun sakandare, amma da yawa cikinmu mun gama shi ba mu taɓa riƙe sufana ba, zanen inji kurum muka kwafa daga allo. Na'urar da abokina ya zo da ita, da kuɗin aljihunsa ya saya. Me zai hana sashen fasaha ya sami biyu ko uku, a riƙa gwadawa a motocin malamanmu da ke fake a gindin bishiya kowace safiya? Na tabbata in an zaga da ita ran Litinin ɗaya za a sami lambobin da za su ishe mu darasin zango guda.

Na biyu shi ne maganar Hausa da na ce ku riƙe. Duk bayanin da na'urar nan ke fitarwa da Turanci ne, Turancin ma na injiniyoyi, wanda ko mu da ke kwaleji sai mun buɗe ƙamus. Baba ba ya karanta shi, saurayin tasha ma haka, ina kuma zaton mai kwamfutar Lafiya kalma ɗaya ko biyu ya tsinta ya gina hukunci a kai. Amma dukansu suna jin Hausa, da yawansu kuma suna karanta ta. Ina ba da shawara sashen Hausa da sashen fasaha su haɗa kai su rubuta ɗan littafi, ko da shafi 20 ne, mai ɗauke da lambobin da aka fi gani. Kowace lamba a faɗi abin da ta ce, a jera waɗanda a ke tuhuma, a fara da mai araha, a kuma faɗi gwajin da zai rarrabe su. Kada mu zauna a ofis mu ƙago kalmomi. Mu je gareji mu ji yadda su ke kiran kowane abu, mu rubuta haka nan. Kowane ɗalibi da za a tura gwajin koyarwa ya tafi da kwafi biyar ya ba kanikawan garin. Wani malaminmu da na gaya wa ya ce wannan aikin kwalejin kimiyya da fasaha ne, ba namu ba. Watakila haka ne. Amma su ba a tura ɗalibansu su zauna wata uku a Assakio, mu a ke turawa.

Kafin littafin ya samu, ga abin da na roƙi Hedimasta ya riƙa yi, na ke kuma roƙon duk mai mota a cikinmu. In an sa wa motarka kwamfuta, ka ce a nuna maka lambar da idonka, ka rubuta. Kada ka yarda a share ta sai an gama gyara. Ka tambayi mai gyara, "Malam, wane gwaji ka yi da ya nuna wannan abin ne ya lalace?" In ya ce kwamfuta ce ta faɗa, ka ce ya nuna maka inda ta faɗa. Abin da aka cire kuma ka karɓi kayanka ka tafi da shi gida. Kada kuma ka bari a nemi ɓaraka ta hanyar yayyafa fetur a kan inji mai zafi, kamar yadda na ga waɗansu na yi. Guntun tiyo a kunne ko ruwan sabulu ya isa, kuma ba ya tayar da gobara.

Saura mako guda in bar garin, hunturu ya sauka, sai fitilar ta sake kamawa. Wannan karon Hedimasta bai je ko'ina ba, ya aika aka kira abokina, ya kuma rubuta lambar da hannunsa: P0128. Ma'anarta inji ba ya yin zafi yadda ya kamata cikin lokacin da aka ƙayyade. Muka duba, ashe tun ran da aka sayi motar aka cire mata tamostat, watau bawul ɗin nan da ke tsare ruwa kada ya zaga lagireto sai inji ya ɗumama, aka kuma haɗa fanka kai tsaye tana juyi dare da rana. Da zafin rana ƙwaƙwalwa ba ta kula ba, sanyin asuba ne ya tona asiri. Inji mai sanyi kuwa ya fi shan mai, gama ƙwaƙwalwa ta kan ƙara masa har ya ɗumama. Abokina ya ce a sayo tamostat a mayar. Baba ya ce faufau, wannan abin na ƙasar ƙanƙara ne, shekara arba'in yana cire shi kuma ba wanda ya komo masa da kuka. Abokina ya ce ai motocin da a ke sayarwa sababbi a ƙasashen Larabawa ma da shi su ke zuwa, can kuwa sun fi mu zafi. Baba ya ce shi bai je can ba. Hedimasta ya rasa wanda zai bi, gama ɗaya ya gano masa ciwo, ɗaya ya gano masa tsaga. Ran da na hau motar komowa kwaleji na bar su a gindin mangwaron makaranta, an buɗe bonet, ba a gama gardamar ba.